Ɓeraye Ashirin a Baho Ɗaya

Da Baba Iorkyaa ya buga wa Rahmat waya da ƙarfe shida da rabi na safiyar Laraba, ko gaisuwa bai tsaya yi ba. "Madam," in ji shi, "ka kwantar da hankali, ko ɗaya bai mutu ba." Duk wanda ya taɓa barin dabba a hannun wani ya san ba a fara magana haka sai in akwai sauran labari, kuma sauran ya fi na farkon nauyi. Rahmat ta bar kunun yara a wuta, ta ce wa maigidanta ya duba kada ya kama, ta tare ɗan acaɓa a bakin layi. Sai da suka yi nisa ta lura silifas ɗin banɗaki ne a ƙafarta.

Rahmat malamar sakandare ce a Obi, tana koyar da ilimin halittu. An ba ta hutun ƙaro ilimi ta zo jami'a a garin Lafiya neman digiri na biyu, hutun kuma ƙarshen wannan watan zai ƙare. Shugaban makarantarsu har ya riga ya maƙala sunanta a jadawalin zango mai zuwa, ya aiko mata hotonsa ta waya, wai don kada ta manta. Aikin nata ba shi da wuyar faɗa. Injinan casar shinkafa na Lafiya suna tara dusa kamar tsauni, wata a ba kaji, wata a bar ruwa ya tafi da ita. Ita kuwa tana son ta gani ko wannan dusar, in an soya ta sama-sama an niƙa, za ta hana ƙiba ta kuma rage kitsen jini. Da yake ba a fara irin wannan gwaji da mutane, sai aka sayo fararen ɓeraye talatin. Goma suna cin abincinsu na yau da kullum. Goma ana cuɗa musu abincin da kitsen shanu daga kwata. Goma na ƙarshe ana ba su kitsen, a ƙara musu dusar. Mako goma sha biyu tana yin haka, ba Asabar ba Lahadi. Gobe Alhamis ce ranar yanka: wani Aloysius zai zo daga Makurɗi da injin gwajin jini, ya yi kwana ɗaya ya koma, domin na jami'ar an ce yana nan tafe tun zamanin shugaban da ya wuce.

Warin kananzir ne ya tarbe ta tun daga baranda. Ɗakin dabbobin ɗan tsukut ne a bayan tsangayar kimiyya, taga ɗaya, kanta uku. A kanta ta sama kejin ɓeraye goma masu abincin yau da kullum yana nan lafiya lau. Kantoci biyu na ƙasa kuwa, kejunansu huɗu a buɗe suke, fanko, baƙi ƙirin da matattun kwarkwasa. A tsakar ɗakin ga katon bahon roba an rufe shi da ragar taga, Baba Iorkyaa yana tsaye a kansa kamar mai gadin banki.

Baba Iorkyaa shi ne mai kula da ɗakin. Dattijo ne ɗan Tibi, ya ba sittin baya ko da yake takardar aikinsa ba ta yarda ba, yana da gonar doya da kaji da aladu a wajen Ashige. Ƙafafunsa duk sun yi rudu-rudu da cizo.

"Madam, da asuba na zo, na ji su suna kuka, cii cii cii. Na buɗe ƙofa, kwarkwasa ya cika ko'ina. Ruwan jiya ne ya kore su daga rami. In na yi latti minti goma, ƙashi kawai za ka samu. Na kwashe su duka, na sa a baho."

"Duka a baho ɗaya?"

"Baho ɗaya ne muke da shi, Madam."

Wannan gaskiya ne. Ta ce a ranta ba komai, ai akwai alama. Kowace Litinin takan zana wa kowane ɓera layi a wutsiya da alƙalamin maka: shuɗi ga masu kitse zalla, ja ga masu dusa. Ta ɗaga ragar, ta sa hannu ta kamo ɗaya. Wutsiyar fes, ja-ja-ja irin na fatar jariri. Ta kamo na biyu. Ta kamo na uku, ta kai shi bakin taga, ta juya wutsiyar sama da ƙasa kamar mai duba jabun kuɗi.

"Baba, ina layin?"

"Wane layi?"

"Layin da nake zanawa!"

Baba ya dubi tsumman da ke hannunsa. "A to. Kwarkwasa ya maƙale musu a bindi da ƙafa. In ka ja da hannu, kansa yana zama cikin nama. Mu a gida, in ya kama kaza, tsumma da kananzir kaɗan, ka goge, sai ya saki. Na goge kowanne da kyau. Bayan nan na wanke da sabulu, don kada ya lashe." Ya ninke tsumman. "Na wanke da kyau sosai, Madam."

Ya wanke da kyau sosai kam. Shekara goma sha ɗaya yana aikin gwamnati, ba a taɓa samun ranar da ya yi aiki da zuciya ɗaya irin yau ba. Rahmat ta zauna a kan buhun abincin ɓeraye. Fararen ɓeraye ashirin, jajayen idanu arba'in, duk uwa ɗaya uba ɗaya a ido. In ba ta san wanda ya ci dusa da wanda bai ci ba, jinin da Aloysius zai gwada gobe ba shi da maraba da jinin kowane ɓera na bayan kwata. Sake sabon zubi kuwa mako goma sha biyu ne, ita kuma kwana goma sha tara suka rage mata.

Tana cikin wannan lissafin ranakun ta ji ƙarar leda. Baba ya ɗebo abinci a kwano zai zuba a bahon.

"Tsaya! Me za ka yi?"

"Sun sha wahala, Madam. Su ci, hankali ya dawo."

"Kada ka ba su komai. Azumi za su yi kafin gobe. Kuma wanne ma za ka ba su, na kitse ko na dusa?"

Baba ya mayar da kwanon. Ya leƙa cikin bahon, ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna wani abu a gindin robar da ɗan yatsa. "Wannan dai ɗan dusa ne ya yi shi."

"Ya yi me?"

"Kashi. Ka gani? Babba, fari-fari. Wancan ƙarami, baƙi, mai maiƙo, na 'yan kitse ne."

Rahmat ta miƙe. "Kana iya bambantawa?"

Baba ya dube ta da mamaki, irin na wanda aka tambaya ko ya san doya da rogo. "Madam, wa yake kwashe tiren ƙasan keji kowace safiya? Wata uku. Na 'yan dusa yana farfashewa, yana bin tsintsiya. Na 'yan kitse sai na kankare. In na rufe ido ma, hannu zai gaya mini."

Ita da ta rubuta shafi sittin a kan hanjin ɓera, ba ta taɓa duba abin da ke fitowa daga cikinsa ba. Takan zo da safar hannu bayan an share, ta auna, ta rubuta, ta tafi. Amma ta san abu ɗaya daga shafuka sittin ɗin nan: ɓera da dare yake ci, abin da ya ci kuma yakan fita cikin yini guda. Abincin daren jiya yana cikinsu yanzu. Zuwa magariba zai gama fita, daga nan shaidar ta tafi ke nan. In za a raba su, sai kowanne ya zauna shi kaɗai ya ajiye nasa, kuma yau.

Ba ta da keji ashirin. Kejuna huɗun ma sun jiƙe da kananzir. Ta fita da silifas ɗin banɗakinta zuwa rumfunan masu abinci a bayan tsangaya, wurin Iveren mai sakwara, wadda take tara tsofaffin bokitan fenti tana zuba agushi da gari.

"Bokiti ashirin? Anti, biki za ki yi?"

"Aro nake so, zuwa gobe."

"Me za a sa?"

Rahmat ta yi tunanin yin ƙarya, ta ga ba lokaci, sai ta faɗi gaskiya. Da Iveren ta ji, sai ta dafa ƙirji ta kira maƙwabciyarta ta zo ta ji. "Ku 'yan boko Allah ya shirye ku. Mu muna sa wa ɓera guba, ku kuna soya masa kitse. Yanzu kuma kowanne sai an ba shi ɗakinsa, sai ka ce amarya." Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta zazzage bokitai tara, ta bi rumfuna ta tattaro sauran. "Amma Anti, abeg, ta baya za ki bi. In kwastoma ya ji inda bokitin agushina ya kwana, na rufe shago."

Kafin ƙarfe tara bokitai ashirin sun jeru a baranda. Ana buƙatar farar takarda a gindin kowanne, sai Rahmat ta zaro tsohon babi na biyu daga jakarta, wanda mai duba aikinta ya yi wa jina-jina da jan biro sau uku. Ta shimfiɗa shafi ɗaya-ɗaya, fuskar rubutun a ƙasa. Ta rubuta lamba a jikin kowane bokiti, aka sa murfin kwalba da ruwa, aka sa ɓera, aka rufe da faranti da ɗan dutse, aka bar kafar iska. Ɓerayen ba su yi gardama ba. Wata uku na kitsen shanu ya cire musu sha'awar tsalle.

Sai dai Rahmat ba ta yarda da ido don ya ce yana gani ba. Ta kori Baba zuwa bakin famfo, ta koma ciki. Tirorin da ke ƙarƙashin kejuna huɗun ba a share su ba, kuma takardar alamar da ke jikin kowane keji tana nan. Ta tsinto ƙwayar kashi goma sha biyu daga cikin matattun kwarkwasa, ta jera su a murfin kwali a hargitse, ta rubuta asalin kowace a tafin hannunta, ta dunƙule. Ta kira shi.

Baba ya ɗauki ta farko, ya murtsuke tsakanin yatsu biyu. "Dusa. Ga ƙaiƙayi nan." Ta biyu. "Kitse." Ta uku ko taɓawa bai yi ba. "Kitse." Haka har ƙarshe, yana yi yana goge hannu a wando. Rahmat ta buɗe tafinta. Goma sha biyu cif. Ta sake jera wasu goma sha biyun, ya sake faɗar su daidai.

"Madam, jarrabawa ne? Akwai satifiket?"

Ba ta yi dariya ba, amma ta ji numfashinta ya sauka ƙasa a karon farko tun safe. Ta buɗe littafin aikinta ta rubuta duk abin da ya faru, da lokaci, da yadda ta gwada shi.

Wajen sha ɗaya Farfesa Sharhabilu ya iso. Shi ne mai duba aikinta. A mako goma sha biyun nan bai taɓa shiga ɗakin dabbobi ba, domin warin yana kama shadda, amma ya san sakamakon gwajin sarai. Tun watan jiya ya je wani taro a Jos ya sanar da cewa dusar shinkafar Lafiya tana narkar da teɓa, aka tafa masa, aka ɗauki hoto. Ya tsaya nesa da bokitan, hankici a hanci.

"Rahmat, me nake gani? Gidan abinci kika buɗe mana?"

Ta rusuna ta gaishe shi, ta ba shi labari tun daga kwarkwasa har zuwa kananzir. Ya saurara da haƙuri, yana gyaɗa kai.

"To, meye abin tashin hankali a nan? Ba ki da sikeli? Ki auna su. Goma masu nauyi su ne na kitse, goma marasa nauyi su ne na dusa. Kafin azahar kin gama, ki mayar wa mutane bokitansu."

"Ranka ya daɗe, ai abin da muke son mu gano ke nan."

"Abin da ke kike son ki gano. An yi wannan a Indiya, an yi a Japan. Ɓeran Lafiya ne zai ƙaryata Japan?"

Rahmat ta sunkuyar da kai. Awon Litinin da ta wuce yana cikin littafin da ke hammatarta. 'Yan dusa sun ɗan fi sauƙi, amma kaɗan, kuma a cakuɗe: akwai ɗan dusa da ya fi 'yan kitse bakwai nauyi, akwai ɗan kitse siriri kamar bai taɓa ganin kwata ba. In aka bi shawarar Farfesa, wannan cakuɗin zai ɓace, a sami sakamako mai kyan gaske, irin wanda ake sa wa firam. Ta kuma tuna innarta a Kwandere, mai ciwon suga da gwiwoyi, wadda duk Juma'a sai ta tambaya, "Ɓerayen naki sun rame?" Tsohuwar ta riga ta gaya wa matan layinsu su dakata, 'yarta na nan tafe da magani, kuma wasunsu sun ce da zarar an tabbatar za su huta da zuwa asibiti.

"Ranka ya daɗe, akwai wata hanya. Baba yana gane su ta kashinsu. Na gwada shi sau ashirin da huɗu, bai kuskure ba."

Farfesa ya sauke hankicin. "Ranar kare aiki, in mai jarrabawa daga waje ya tambaye ki yadda kika raba ɓerayenki, me za ki ce? Mai shara ya murtsuke kashi da yatsa?"

"Oga," in ji Baba daga ƙarshen baranda, "ba mai shara ba. Atenda. Lebul fo."

Farfesa ya yi kamar iska ce ta kaɗa. "Ni dai takardar da na sa wa hannu ta ce goma-goma. Ina son goma-goma kafin ƙarfe biyar. Yadda za ki same su, ke da kimiyyarki." Ya tattare babbar riga ya wuce.

Daga nan sai jira. Mace mai 'ya'ya uku da dattijo mai jikoki suka raba bokitai goma-goma, suna bi suna ɗaga faranti suna leƙawa. Ɓera dabba ce da ba ta iya wuce wuri ba tare da ta bar shaida ba. Duk matar da ta taɓa buɗe kabad ɗin kicin ta san haka. Amma yau da aka zauna ana roƙonsu, sai suka kama kansu. Suka zauna a kan babi na biyu suna wanke fuska. Ɗalibai suna wucewa suna rage tafiya. Wani malamin lissafi ya tsaya ya tambaya ko sayarwa ake yi.

Sha biyu saura kaɗan, lamba huɗu ya yi. Baba ya zare takardar, ya duba ƙwayoyi uku. "Dusa." Rahmat ta rubuta, ta ninke takardar da abin da ke ciki, ta sa mata lamba, ta zana wa ɓeran jan layi mai kauri tun daga gindin wutsiya. Lamba goma sha biyar ya biyo baya, kitse. Sai tara, sai biyu. Tana duba agogo duk bayan ɗagawa. Wani abin tsoron kuma, ɓera yana cin nasa in an bar shi da shi, don haka ba a yin nisa. Da azahar ta yi sallah a lungun baranda da saurin da ta san ba ta kyauta ba, tana sallamewa Baba ya ba ta rahoto.

"Bakwai ya yi, kitse. Sha biyu ya yi, kafin na zo ya cinye."

"Ya cinye duka?"

"Ya bar rabi. Ɗan kirki ne."

Ƙarfe uku an sami goma sha huɗu. Iveren ta leƙo da kwanon sakwara a rufe ta ajiye wa Rahmat, ta ƙirga bokitanta da ido, ta koma. Rahmat ba ta buɗe kwanon ba. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, suka ja bokitan jikin bango. Ƙarfe huɗu an sami goma sha takwas: dusa goma, kitse takwas. Rahmat ta ji daɗi ya taso mata har wuya. In 'yan dusa sun cika goma, biyun da suka rage 'yan kitse ne, ko sun yi ko ba su yi ba. Ta fara mayar da murfin jan maka.

"Madam," in ji Baba. Yana tsugune gaban lamba goma sha tara, da takarda a hannu. "Wannan ya yi."

"Kitse ko?"

Ya murtsuke, ya kai kusa da ido, ya sake murtsuke wata. "Dusa."

"Ba zai yiwu ba. Sun cika goma."

"Ni ban san sun cika ba. Ga ƙaiƙayi."

Ga ƙaiƙayi kuwa, ita ma ta gani. Goma sha ɗaya daga cikin goma. Ko dai Baba ya yi kuskure a wani wuri, ko kuma a awa ukun da suka yi tare cikin baho wani ɗan kitse ya yi kalaci da na maƙwabcinsa. Ko wanne ne, mai yiwuwa akwai jan layi a wutsiyar da ba ta cancanta ba, kuma ba ta san wacce ba. In ɗaya ƙarya ne, me zai hana biyar su zama ƙarya?

Ta tsaya har ruwa ya fara ɗiga a kwano. Sannan ta kwaso takardun nan goma sha tara da ta ninke, ta shiga ciki, ta juya lambobin ƙasa, ta hargitsa su a kan kanta. "Baba, zo ka sake. Wanda ba ka tabbata ba, ka ce ba ka tabbata ba. Ba fushi zan yi ba."

"Da ma ana iya faɗin haka?"

"Ana iyawa."

"A to. Ni na ga Oga yana son amsa, kai ma kana son amsa."

Ya bi su a hankali wannan karon. Takwas ya ce kitse, ba ko ɗar. Takwas ya ce dusa. Uku ya ture gefe. "Wannan ya yi fari amma yana da maiƙo. Wannan ƙaiƙayi kaɗan ne. Wannan rabi ne, ban ga komai sosai ba. Ɗazu na ce dusa, don ya fi kama da dusa." Rahmat ta juya takardun. Goma sha shidan duk sun dace da karatun farko. Ukun su ne shida, sha biyu da sha tara. Lamba ashirin kuwa tun safe bai ajiye komai ba, yana kwance ya ba duniya baya.

Takwas da takwas, da huɗu da ba a sani ba. Cikin huɗun nan dole biyu 'yan dusa ne, biyu 'yan kitse. Ta ɗora su a sikeli ɗaya bayan ɗaya, ba don komai ba, in ji ta a ranta, don dai a rubuta. Shida da ashirin manya ne, har sun yi wuya. Sha biyu da sha tara sirara ne. Abin ya zauna daram kamar an tsara. Jan maka yana hannunta na dama, shuɗi yana aljihu. Layi huɗu kawai, a sami goma-goma. Ba ashirin za ta raba da ido ba, huɗu ne, kuma wataƙila ma daidai ne. Baba ya juya yana kakkaɓe tire, ba ya kallonta.

Waya ta yi ƙara. Biyar saura minti biyar.

"Rahmat, ina goma-gomana?"

"Ranka ya daɗe, takwas-takwas ne."

"Sauran huɗun mutuwa suka yi?"

"Suna nan. Ban san ko su waye ba."

"Ki auna su mana."

"Na auna."

"To?"

Ta dubi lamba ashirin, wanda ya buɗe ido ɗaya ya mayar. "Sikeli bai gaya mini abin da suka ci ba, ranka ya daɗe. Zan cire su, in rubuta dalili."

"Takwas ɗin naki, meye bambancin nauyinsu?"

Ta faɗa masa. Bai kai nauyin goro ɗaya ba.

Farfesa ya ce, "Kin san da wannan ba za ki iya cewa dusa tana rage ƙiba ba."

"Na sani. Wataƙila jinin ya nuna wani abu gobe. Wataƙila kuma bai nuna ba."

"Kuma za ki rubuta kwarkwasa da kananzir da bokitin fenti a cikin kundin da sunana yake a bangonsa."

"A babi na uku, ranka ya daɗe. Shafi ɗaya ne."

"Zan sa hannu, don ba na son a ce na riƙe malamar makaranta. Amma ranar kare aiki, in aka zo shafin nan, kada ki dubi inda nake zaune. Zan fita alwala." Ya kashe.

Rahmat ta mayar da murfin makan. Ta ɗauko auduga da ɗan sabulu ta goge jan layin da ta yi wa shida da sha biyu. Suka wanke kejuna biyu, suka shanya su da tsumma, suka sa takwas a nan, takwas a can, da ruwa kawai, aka ɗora su a kanta ta sama kusa da goman da kwarkwasa ba ta kai gare su ba, Baba ya zuba toka ya kewaye ƙafafun kantar. Ta rubuta takarda ta manna a kowane keji, ta sake rubutawa a jikin ƙarfen da kansa.

"Waɗannan huɗu fa, Madam? Su ma azumi?"

"A'a. Ba a yanka su gobe. Ba su cikin aiki."

"To wane abinci zan ba su?"

"Duk wanda ka ga dama."

Baba ya mayar da su cikin bahon, ya zuba musu na kitse da na dusa gaba ɗaya, ya cika kwano. Suka hau ci, har da lamba ashirin. Daga saman kanta sauran suka taso jikin waya, suna shinshina iska, suna kallo. Rahmat ta ɗauki bokitai biyar-biyar ta nufi famfo cikin yayyafi, ta bi ta baya kamar yadda aka roƙe ta.